Sunan Ƙarshe a Littafin Coci

Tallow Creek, Jojiya
6 ga Fabrairu, 2023

Ɗana Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma sanyin can bai ƙarasa cinye maka yatsu ba. Ni dai ga ni nan ina fama. Gwiwar hagu ta ƙi ni, likita ya ce sai an yi aiki. Kunne kuwa ya tafi ya bar ni, don haka kada ka wahalar da kanka da waya, na cire ta daga bango na sa a akwati. Ruwa ya yi yawa bana, masu gyaɗa sai ƙorafi suke yi.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali ba Kirsimeti ba ce. Ni da uwarka 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma tun da ita Earline ta kwanta dama babu wanda ya rage da zai ja maka kunne sai ni. Don haka ka karanta har ƙarshe.

Ko a ƙarshen duniyar da kake zaune, na san ka ji rigimar ɗarikarmu. Manyan da ke birni sun ga dama su naɗa masu auren jinsi fastoci, su kuma ɗaura musu aure a gaban bagadi. Majami'u suna ta ficewa, kowane mako sai ka ji an sauke allon suna an kafa sabo. Yanzu layi ya zo kanmu. Za mu kaɗa ƙuri'a ranar 7 ga Mayu, Lahadin Gyaran Kaburbura, tunda ranar ce kowa ke dawowa gida da furanni da tsintsiya. Ƙa'idar ita ce sai kashi biyu cikin uku na waɗanda suka zo sun ce a fita, sannan a fita. Ba a aike, ba a wakilci. Sai mutum ya zo da ƙafarsa, kuma sai sunansa yana cikin littafin coci. Littafin nan kuwa shekara talatin da ɗaya ke nan yana hannuna.

Royce Tanksley ne ke jan masu son a fita. Kada ka ɗauka ina ganinsa da gashi. Mutumin da ya yi aure uku, biyun da ya saki suna nan da ransu suna zuwa sujada, shi ne yau ya zama mai gadin aure. Kullum yana ƙofata da takarda, wai in duba masa ko wane yana cikin littafi. Ya tono mutanen da rabonsu da coci tun jana'izar kakanninsu.

Ɗaya ɓangaren kuma Corinne Askew ce, wadda ta gama koyarwa a birni ta dawo ta waye mana kai. Tana maƙala wani ɗan baji mai launuka na goyon bayan masu auren jinsi a ƙirji, tana yi mana magana a hankali kamar ta samu 'yan aji ɗaya. Macen da ke sayo soyayyar kaza a kanti ta juye a kwanonta ta kawo cin abincin coci, ita ce za ta koya mini gaskiya.

Duk da haka ni fita zan zaɓa. Abin da aka koya mini ke nan tun ina yarinya, kuma ban ga dalilin da bishop ɗin da bai san hanyar garinmu ba zai sake mini shi ina da shekara saba'in da shida.

To ga maganar. Sunanka yana nan cikin littafi. Ka nemi hutu ka zo ka kaɗa tare da mu, ka kuma share kabarin uwarka da hannunka ko sau ɗaya ne.

Ka gaida wannan Ruben da kuke haya tare. Shekara ashirin, har yanzu bai samu ɗakin kansa ba?

Innarka,
Maudine Culpepper

Point Garrick, Alaska
19 ga Fabrairu, 2023

Inna Maudine,

Na samu wasiƙarki, jirgin wasiƙu ya kawo ta tare da kwalin allurai. Sannu da gwiwa, Allah ya sa a yi aikin lafiya. Yatsuna goma suna nan. Zuciya ce dai ta yi mini tsiya bara, aka kai ni birni aka buɗe jijiya ɗaya. Na koma aiki a asibitin ƙauye, ni kaɗai ne nas a nan, sai likita da ke leƙo mu sau ɗaya a wata.

Na karanta wasiƙar sau uku. Da farko na yi dariya, daga baya dariyar ta ƙare.

Inna, Ruben ba ɗan haya ba ne. Mijina ne. An ɗaura mana aure shekara takwas da suka wuce, a gaban alƙali, da shaidu biyu da kuma kare ɗaya da ya ƙi fita. Ga hoto nan na sa miki. Ba zai samu ɗakin kansa ba, don ba nema yake yi ba. Waɗannan mutanen da kuke shirin rushe coci saboda su, ɗaya daga cikinsu kika rubuta wa. Kina so in hau jirgi uku, in kwana a hanya, in zo in ɗaga hannu a kori kaina.

Ban san abin da ya fi ba ni haushi ba. Wai a ce shekara ashirin da huɗu da barina gari ba ki taɓa tambayar kanki abin da ya kore ni ba, ko kuwa a ce sai da Royce ya rasa ƙuri'a aka tuna da ni. Royce ɗin da muna aji ɗaya yake biyo ni bayan makaranta yana kwaikwayon tafiyata, yau shi ne mai riƙe da Littafi Mai Tsarki. Ita ma Corinne ba ta burge ni ba. Irinsu na san su, suna son mu ne kamar yadda ake son gwangwanin taimako a bakin ƙofa. Ku fita, ku zauna, ku raba bencina ku yi itace da su, ko a jikina.

Abu ɗaya ne nawa a Tallow Creek. Gurbin da ke hannun hagun Mama, ƙarƙashin itacen nan da ke zubar da ganye. Ranar da muka binne ta na tsaya a kansa, na auna shi da ƙafata. Da aka kwantar da ni bara za a shiga da ni ɗakin aiki, ban tuna da Aljanna ba, wurin nan na tuna. Na gaya wa Ruben in ta faru can zai kai ni, ya kuma yarda.

Na san tsohuwar dokar maƙabarta, sai wanda sunansa ke cikin littafi ake binnewa. Ki gaya mini gaskiya, in kun fita, ina matsayin gurbin nan? Wannan kaɗai nake so in ji. Ga lambar asibiti a ƙasa, ko ba kya ji akwai masu kunne a garin.

Wendell

Point Garrick
24 ga Maris, 2023

Inna Maudine,

Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya, ƙanƙara ta fara saki.

Mako biyar ke nan. Jirgi ya sauka sau tara, na ƙirga. Na gane amsar. Na san yadda ake yi a garinmu, ba a zagin mutum, sai dai a daina ganinsa, in an haɗu a kanti a tsaya karanta bayan gwangwanin wake har ya wuce. Na ɗauka ke kin fi ƙarfin wannan, tunda bakinki bai taɓa jin tsoron kowa ba. Ashe hoto ɗaya ya isa.

In kin soke sunana, ki aiko mini da layi ɗaya in sani. Hoton kuma ki dawo mini da shi, ba mu da wani.

Wendell

Tallow Creek
27 ga Maris, 2023

Wendell,

Gaisuwa. An yi aikin gwiwa ranar 21 ga watan jiya, wurin ya yi ruwa, na shafe wata guda a gidan jinya ana ba ni abincin da ko alade zai yi tunani kafin ya ci. Shekaranjiya na dawo na tarar da wasiƙarka a cikin tulin takardu. Ban ji daɗin labarin zuciyarka ba. Ka rage gishiri, kuma a ce mutum yana nas sai an gaya masa.

Yanzu kuma bari in zo kanka. Kai a tunaninka labari ka ba ni? Tun kana ɗan shekara goma sha biyar na sani, uwarka ma ta sani, mai kawo wasiƙu ma ya sani. Maganar ɗaki tsokanarka na yi, irin wadda nake yi wa kowa. In zaman ƙanƙara ya daskarar maka da kai har ba ka gane wasa, ba laifina ba ne. Ruben ɗin naka ya fi ka kyau, amma wa ya ɗaura masa wannan abin wuyan?

Bari ka ji yadda aka yi sunanka ya kai yau. Ka san duk wanda aka daina gani, kwamiti na rubuta sunansa, a karanta da ƙarfi a taron shekara. In an karanta shekara biyu a jere, a soke. In ba a karanta ba, ba a sokewa. Ni ke karantawa. Kai Yarbrough ne, kullum kai ne na ƙarshe a takarda. Da na zo kanka sai tari ya turnuƙe ni, a ruga a kawo ruwa, kafin in farfaɗo ƙamshin kaza ya cika ɗaki, Fasto ya ce a yi addu'ar rufewa. Shekara ashirin ina wannan tarin. Fastoci shida sun zo sun tafi, har ɗaya ya kawo mini magani daga birni.

Ba don kyan halinka na yi ba. Kwana biyu kafin Earline ta cika ta riƙe hannuna ta ce, "Maudine, ki tsare masa wurinsa kusa da ni. Ko bai dawo da ƙafarsa ba, za a kawo shi." Na ce mata to.

Ka tambayi gaskiya, ga ta. In mun fita, tsohon littafi za a tattara a mayar wa ɗarika. Za a buɗe sabo, kuma duk mai son shiga sai ya sa hannu a wata takarda da Royce da mutanensa suka rubuta, a cikinta akwai cewa aure na namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Ban tambaye shi ko a lokaci ɗaya ake nufi ko bi da bi ba. Ba za ka iya sa hannu ba, na sani. Maƙabarta kuma sabon littafi za ta bi.

Jiya ma ya zo, da hularsa a hannu, wai dubiya. Bai zauna ba ya ce, "Miss Maudine, wannan ɗan Earline ɗin, ai ya kamata a ce an tsabtace littafi kafin ranar." Na ce masa, "Royce, in tsabta za a yi, daga harafinka zan fara, ya riga nasa zuwa." Ya ajiye kwandon lemo ya tafi.

Na kira ka ne don na ɗauka abin bai dame ka ba, za ka yi wa tsohuwa alfarma ka wuce. Ban kawo maganar kabari a raina ba, wannan wautata ce. Ra'ayina bai sauya ba, fita zan zaɓa, ba kuma zan yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba. Amma sunanka halal ɗinka ne. In za ka zo ka kaɗa a kaina, zo. Ɗakin baƙi yana nan, gado ɗaya ne a ciki, ba ni da wani.

Maudine

Point Garrick
4 ga Afrilu, 2023

Inna,

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Wadda na rubuta cikin fushi ki sa ta a murhu, ki yafe mini. Sannu da jiki. Ki riƙa taka ƙafar ko tana ciwo, in kika biye mata za ta sandare.

Na karanta wa Ruben labarin tarin, ya yi dariya har ya ƙware. Ni kuwa fita na yi na tsaya bayan asibiti, don kada marasa lafiya su ga nas yana hawaye. Ban san Mama ta faɗi haka ba. Shekara ashirin ina zaton ta tafi tana jin kunyata.

Mun sayi tikiti. Za mu iso Juma'a 5 ga Mayu, mu share kabari ranar Asabar, Lahadi kuma in zauna a bencin Mama, na uku daga gaba ta wajen taga, Ruben a gefena. Shi ba shi da ƙuri'a, amma yana da sabon abin wuya. Zan kaɗa a zauna. Ba don ina ƙaunar bishop ba, ba kuma don bajin Corinne ba. Gurbina nake karewa. Ina kuma so in ga fuskar Royce lokacin da za ki kira sunana da ƙarfi, ba tari.

Kada ki gaya wa kowa muna tafe. Ruben ya ce in tambaye ki ko har yanzu kina soya kuɓewa da garin masara, don na cika masa kunne da labarinta.

Ɗanki,
Wendell

Tallow Creek
12 ga Afrilu, 2023

Wendell,

Gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, ina takawa da sanda.

An sauya rana. Royce ya lura cewa Lahadin Kaburbura 'ya'yan birni ke cika coci, su kuwa ba nasa ba ne. Ya je ya shawo kan wakilin bishop, wai ranar hidima ta yi yawa. Yanzu ƙuri'a ta dawo Lahadi 23 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana. An sanar a coci, ni kuma aka ce in rubuta wa na nesa. In za ka zo, sai ka sauya tikiti.

Maudine

Point Garrick
26 ga Afrilu, 2023

Inna Maudine,

Ina fata ƙafa tana ƙara sauƙi. Tunda har ta kai ki coci ranar Lahadi, na san da dama.

Ranar Litinin Corinne Askew ta nemo ni ta intanet, tana ba ni haƙuri da dogon Turanci. Ban ma gane abin da take nufi ba, sai da ta ce an kaɗa jiya. Mutum sittin da uku suka zo. Arba'in da biyu suka ce a fita, ashirin da ɗaya suka ce a zauna. Kashi biyu cikin uku cif, ko rabin mutum bai yi saura ba. Ni ba gwanin lissafi ba ne, amma na iya wannan. Da ina zaune a bencin nan, mu sittin da huɗu ne, arba'in da biyu kuwa ba su isa ba.

Wasiƙarki ta iso jiya Talata. Da na gan ta na ce jirgi ne, ko hazo, ko gidan waya, don a nan mun saba ɗora musu komai. Sai Ruben ya juya ambulan ɗin ya nuna mini. Ke kin rubuta 12 ga wata a ciki. Hatimin gidan wayar Tallow Creek da ke kan kan sarki ya ce 19.

Daga ƙofarki zuwa akwatin wasiƙu taku talatin ne, na sha aikuwa can ina yaro. Corinne ta ce 'yarta da ke birni ta samu tata tun 15 ga wata, da rubutun hannunki. Lambar asibiti kuma tana hannunki.

Na mayar da tikiti. Tambaya ɗaya gare ni, kuma kin ce ba kya yi mini ƙarya. Kwana bakwai ɗin nan, ina wasiƙar take?

Wendell

Tallow Creek
9 ga Mayu, 2023

Wendell,

Gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda take. Gyaɗa ta fara tsirowa.

Tana cikin jakata. Baƙar jakar da nake zuwa coci da ita, tsakanin tabarau da alewar tari. Wasiƙu goma sha ɗaya na rubuta, goma na jefa a akwati washegari, taka na mayar. Ba mantuwa ba ce. Kowace safiya sai na buɗe na gan ta na rufe.

Ni ke riƙe da littafi, na fi Royce sanin ƙidayar. Na san abin zai zo kan mutum ɗaya ko biyu, na kuma san inda taka za ta faɗa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, tun da ka rubuta maganar benci na uku na kasa samun sukuni. Na riƙa ganinku kuna shigowa, kawuna suna juyawa, ni kuma ina gaba da littafi, dole in kira sunanka kowa yana kallon bakina. Shekara ashirin ina yi maka tari a ɓoye, ashe a ɓoyen kaɗai na iya. Ran 19 kunya ta ishe ni na jefa ta, na san sarai ba za ta isa ba.

Da ka ga ranar ƙuri'ar, da ka raina mu duka. Royce ya turo Alton Pridgen a keken guragu daga gidan tsofaffi, bawan Allah yana ta tambayar wa ya mutu. Corinne ta karanta jawabi mai shafi huɗu, har waɗanda ke bayanta suka fara duba agogo. Wakilin bishop ya ƙirga sau biyu yana share gumi. Da aka faɗi sakamako wasu suka tafa, a cikin coci, kamar an ci ƙwallo. Matan da muka shekara arba'in muna fere dankali tare suka fita ta ƙofa biyu. Ni ma fita na zaɓa, kada ka yi zaton wani abu.

Amma ban manta da Earline ba. Na tono tsohuwar dokar maƙabarta, wadda kakanka ya sa wa hannu. Ta ce gurbin da aka riga aka kafa wa dutse ba a taɓa shi, ko mai shi yana raye. Ka san yadda muke yi, mutum ya kafa dutsensa da sunansa da ranar haihuwa, a bar ɗaya gefen sai ranar ta zo. Na sa an sassaƙa naka, aka kafa ranar Juma'a, kafin a buɗe sabon littafi. Wendell Ames Yarbrough, 1969, sai fili. Irin dutsen uwarka ne, launi ɗaya.

Ranar Lahadi ana shara Royce ya zo ya tsaya a kai. Ya ce, "Miss Maudine, wannan kuma mene ne?" Na ce, "Dutse ne, Royce. Ko idonka ya bi kunnena?" Na miƙa masa dokar. Ya karanta yana motsa baki, sannan ya rubuta mini a bayan takardar, don kada in ce ban ji ba. Wai dutse ya zauna, amma ranar da za a kawo ka fastonsu ne zai yi addu'a, wancan mutumin kuma in ya zo, baƙo ne kamar kowane baƙo, ba za a ambace shi ba, ba zai zauna a layin iyali ba.

Wannan shi ne iyakar abin da na iya. Gurbinka yana nan, na cika wa Earline alkawari. Ga hoton dutsen, ga kuma naku na dawo maka da shi kamar yadda ka nema, ko da yake na so in riƙe.

Innarka,
Maudine

Point Garrick
21 ga Mayu, 2023

Inna Maudine,

Mun samu saƙo. Muna lafiya, kifi ya fara shigowa, rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama. Ki ci gaba da taka ƙafar.

Na gode da ba ki ɗora wa gidan waya ba. Da Royce ne ya yi mini haka, da na kwana lafiya, don shi bai taɓa cewa yana tsare mini komai ba.

Dutsen ya yi kyau, an iya aiki. Na nuna wa Ruben, na kuma karanta masa sharaɗin. Ya tashi ya ɗora ruwan shayi. Mutumin nan shi ya kwana tara a kujerar asibiti bara. Shi ya yarda zai ɗauki gawata ya ratsa ƙasar nan da ita, zuwa garin da bai taɓa gani ba, don kawai na ce ina so. Ba zan sa ya yi wannan tafiya ya je ya tsaya a bayan Alton Pridgen ba.

Akwai maƙabarta a nan kan tudu, tana kallon teku. Ƙasar da tauri, in da sanyi ne sai an hura wuta a kai kwana biyu kafin ta haƙu, kuma duk ƙauyen ne ke fitowa haƙa. Ba su da littafi. Shekaranjiya mun je mun zaɓi wuri mai faɗin mutum biyu.

Kada ki sa a cire dutsen. Ki bar shi. Ina so duk Asabar Royce ya riƙa kewaya sunana da injin yankan ciyawa, yana duba gefen da ba a cike ba, har ƙarshen ransa. Ba za a taɓa cike shi ba.

Hoton namu na sake sa miki a ciki. Ki riƙe, akwai wuri a jakar.

Ba zan ce na yafe ba, ba kuma zan ce ba zan yafe ba, ban sani ba tukuna. Katin Kirsimeti zai zo kamar kullum. Amma na tuna naki gurbin yana wajen ƙafafun Mama, taku biyu ne tsakani, kuma bisa dukkan alamu za ki riga ni isa. Za ta ga dutse a gefenta, za ta jira, daga baya za ta tambaye ki ina yaron. Ke za ki gaya mata inda wasiƙar ta kwana bakwai. A can kuma babu mai kawo miki ruwa in tari ya taso.

Wendell